Dogon bututu ko gajere a mota mai turbo: amsa ga mai Civic a Kano

"Assalamu alaikum, Injiniya. A Kano nake zaune, kuma ina da Honda Civic ƙirar 2017 mai injin 1.5 da turbo, 'yar Kwatano ce da na saya bara. Ina so in cire akwatin iskar da ta zo da shi in sa na kasuwa, sai na tarar iri biyu ake tallatawa, wanda ake kira cold air intake da wanda ake kira short ram. Wani abokina ya ce na farkon ya fi ƙara wa mota ƙarfi saboda iska mai sanyi yake jawowa, wani kuma ya ce a mota mai turbo duk ɗaya ne tunda akwai intakula. Wanne ne gaskiya, kuma wanne zan saya?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, tambayarka ta ƙunshi abu biyu, kuma gara mu raba su tun daga farko. Na farko shi ne ko sanyin iskar da ke shiga ta bakin filta yana da wani tasiri a injin da turbo zai matse iskar ya zafafa ta, sannan intakula ta sake sanyaya ta kafin ta isa silinda. Na biyu shi ne wanne daga cikin kayan nan biyu ya dace da motarka a kan titunan da kake bi kullum. Abokanka kowanne ya riƙe wani yanki na gaskiya, sai dai gardamarsu gaba ɗaya a kan batu na farko take, alhali a iya abin da na gani cikin shekarun da na yi ina buɗe injina masu turbo, na fetur da na dizal, batu na biyun ne yake raba mutum da kuɗinsa.

Duka kayan biyu suna maye gurbin akwatin robar da kamfani ya sa ne, wanda filtar takarda take kwance a cikinsa. Short ram, wanda zan riƙa kira gajeren bututu, guntun fayif ne na alminiyam ko roba mai tauri da filta mai siffar mazurari a bakinsa, kuma a ƙarƙashin bonet yake zama, kusa da injin, yana shaƙar duk iskar da ta kewaye shi. Cold air intake kuwa, wato dogon bututu, fayif ɗin ake ja ya lanƙwasa ya gangara ƙasa, filtar ta koma bayan bamba ko cikin fenda a gaban taya, inda iskar waje take. Hujjar masu dogon ita ce iska mai sanyi ta fi cunkushewa, wato lita ɗaya tata ta fi ɗaukar oksijin, kuma wannan gaskiya ne: duk digiri 3 da zafin iska ya ragu, cunkushewarta tana ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin 100. Hujjar masu gajeren kuma ita ce hanya gajera marar kwana ba ta wahalar da injin wajen shaƙa, ita ma gaskiya ce. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, akwatin da motarka ta zo da shi a rufe yake, kuma ta wata kafa da ke gaban mota yake jan iskarsa. Don haka wanda ya sa dogon bututu, ta fuskar sanyi bai yi nisa da inda kamfani ya bar shi ba, wanda ya sa gajere a buɗe kuwa baya ya koma.

Abin da turbo yake yi wa iskar

A injin da ba shi da turbo, iskar da ta ratsa filta ita ce take zarcewa silinda da zafinta, kuma tsawon fayif ɗin yana da tasiri saboda bugun da iskar take yi gaba da baya duk lokacin da bawul ya buɗe ya rufe. A nan ne gardamar dogo da gajere ta samo asali, kuma a nan take da nauyi. A motarka akwai fankar turbo tsakanin filta da injin, wadda take katse wancan bugun, don haka maganar daidaita tsawon fayif ba ta da wani amfani a gabanta. Haka nan masu cewa dogon bututu yana jinkirta tashin turbo sun haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba: fayif ɗin da turbo yake buƙatar ya cika da matsi kafin ka ji ƙarfi shi ne wanda yake bayansa, daga turbo zuwa intakula zuwa injin. Na gabansa ba a cika shi da matsi, jan iska kawai ake yi ta cikinsa.

Yanzu mu zo kan zafi, kuma ka yi haƙuri da ɗan lissafi, domin shi ne yake raba gardamar abokanka. Honda ta bayyana cewa injin Civic ɗin nan mai ƙarfin doki 174 yana kai matsin turbo na psi 16.5, wato kusan bar 1.1 a kan matsin iskar duniya (psi da bar ma'aunan matsi ne, kuma matsin iskar duniya kusan bar 1 ne), don haka za mu iya cewa turbo yana ninka matsin iskar sau biyu. Iska kuwa idan aka matse ta sai ta yi zafi, kamar yadda famfon keke yake ɗumi a hannu. Mu ƙaddara rana ce ta watan Afrilu, zafin waje digiri 40, kuma mu ɗauki turbo mai nagartar kashi 70 cikin 100, wanda adadi ne na tsaka-tsaki ga irin waɗannan ƙananan turbo. Iskar da ta shiga da digiri 40 za ta fito daga turbo da kusan digiri 138. Idan kuwa gajeren bututu ne yake shaƙar iskar ƙarƙashin bonet mai digiri 60, za ta fito da kusan 164. Ka ga tazarar digiri 20 ta faɗaɗa ta koma 26, domin turbo ninka zafin yake yi, ba ƙara masa wani tsayayyen adadi ba. Wannan ita ce gaskiyar abokinka na farko, kuma masu cewa turbo yana shafe bambancin gaba ɗaya sun yi kuskure.

Daga nan iskar take shiga intakula, wadda take kamar lagireto ce ta iska a gaban mota. Aikinta shi ne ta cire wani kaso na tazarar da ke tsakanin zafin iskar ciki da zafin waje. Idan muka ba ta kashi 70 cikin 100 ita ma, iska mai digiri 138 za ta sauko kusan 69, mai 164 kuma ta sauko kusan 77. Tazarar da ta kai 26 ta dawo 8, wanda a cunkushewar iska bai wuce kashi 2 da ɗan ɗoriya ba. Wannan kuma ita ce gaskiyar abokinka na biyu. Intakula tana cinye mafi yawan bambancin, amma tana barin saura. Adadin da na yi amfani da su misali ne don ka ga yadda abin yake tafiya, amma ko ka sauya su sama ko ƙasa kaɗan, siffar sakamakon ba za ta canja ba: kusan sulusi ko ɗan sama da haka na bambancin da ke bakin filta ne yake isa injin.

Sai dai akwai inda wannan ɗan sauran yake da ciwo. A kan babban titi, misali tsakanin Kano da Zariya kana gudun kilomita 100, iska tana ratsa ƙarƙashin bonet, tazarar da ke tsakanin gajere da dogo tana raguwa ƙwarai. A cikin cunkoson gari kuwa, inda za ka yi minti goma kana tafiyar hawainiya, fankar lagireto tana watsa iska mai zafi baya, gidan turbo da hayaƙi mai ɗaruruwan digiri yake ratsawa yana gasa duk abin da ke kusa da shi, fayif ɗin alminiyam ya yi zafin da ba za ka iya dafa shi ba, ita ma intakula ba ta samun iskar da za ta sanyaya ta. A daidai wannan lokacin ne hanya za ta buɗe ka taka totur, sai ka ji motar ta yi nauyi. Ba raguwar oksijin kaɗai ba ce ta jawo hakan. Iska mai zafi tana sa fetur ya fashe da kansa kafin lokacin da ya dace, abin da yake ƙwanƙwasar fistin, kuma da zarar sensa ta ji wannan ƙwanƙwasa sai kwamfutar mota, wadda muke kira ƙwaƙwalwa a gareji, ta jinkirta wutar fulogi don ta kare injin. Asarar da wannan jinkirin yake jawowa takan fi ta cunkushewar iska. Ga shi kuma a yawancin gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, babu zaɓin mai babbar lambar octane, wato wanda ya fi jure zafi, kamar yadda ake samu a ƙasashen da ake ƙera waɗannan kayan.

Sauƙin shaƙa da iyakar da kwamfuta ta sa

Ta ɗaya ɓangaren, rage takura a gaban turbo yana da amfani na gaske. Idan fayif da filta suka sa matsin da ke bakin turbo ya sauko daga bar 1 zuwa 0.95, to don ya kai bar 2 sai ya ninka iskar sau 2.1, wato ya ƙara gudu ya ƙara zafi. A nan gajeren bututu yana da 'yar fifiko a kan dogo mai kwana biyu ko uku. Amma takurar akwatin kamfani ba ta fitowa sosai sai injin ya kai ƙarshen juyinsa da totur a ƙasa, kuma an auna shi ne don ya wadaci ƙarfin da injin yake bayarwa. Ban da haka, kwamfutar motocin zamani ƙarfin juyi take nema, ba duk iskar da ta samu take haɗiyewa ba. Idan ka sauƙaƙa wa turbo shaƙa, sai ta buɗe ƙofar da take karkatar da hayaƙi daga turbo da wuri, ta tsaya a kan adadin da aka rubuta mata. Turbo ya ɗan huta, amma ƙarfin da ya isa taya kusan yana nan yadda yake. Sai an sake rubuta lissafin kwamfutar, an ɗaga matsin turbo, sannan buɗaɗɗiyar hanyar iska take fara biyan kuɗinta. Idan kuma motarka mai giyar CVT ce, wato otomatik marar matakan giya, kamar yawancin waɗanda ake shigowa da su, ita ma giyar tana da iyakar ƙarfin da za ta ɗauka, don haka ko wannan ɗagawar sai da taka-tsantsan.

Abin da kowa yake samu tabbas daga kayan biyu shi ne ƙara. Akwatin kamfani yana da ɗakunan da suke kashe sauti, idan aka cire shi sai ka riƙa jin shaƙar turbo da fitar iska idan ka ɗaga ƙafa, kuma gajeren ya fi dogon ƙara saboda yana kusa da kai. Mutane da dama sun rantse mini cewa motarsu ta ƙara gudu, da muka auna sai muka ga kunne ne ya ba su labari. Ba laifi ba ne mutum ya so ƙarar motarsa, amma ya san ita yake saya.

Sensar auna iska

Wannan shi ne wurin da na fi ganin an yi ɓarna cikin rashin sani. Injin Civic ɗinka yana da sensar da ake kira MAF, a cikin fayif ɗin da ke bayan filta. 'Yar waya ce da ake ɗumamawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, daga nan kwamfuta take lissafa yawan iskar da ta shiga. Amma ɗan yankin iskar da ya taɓa ta kaɗai take aunawa, sauran lissafin ya dogara ne da faɗin fayif ɗin da kamfani ya auna ta a ciki. Mu ce an ɗauke ta daga fayif mai faɗin milimita 70 an sa ta a mai 76. Ido ba zai ga wani bambanci ba, amma faɗin hanyar ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100, iskar ta rage gudu, sensa ta ba da rahoton iska ƙasa da wadda ta shiga, kwamfuta kuma ta zuba fetur ƙasa da abin da ake buƙata. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi, a tafiyar yau da kullum, idan turbo yana aiki da ƙarfi kuma yakan so mai fiye da haka don ya sanyaya silinda. Ƙarancin mai a ƙarƙashin matsin turbo shi ne yake ƙona fistin. Sensar da ke salansa tana taimaka wa kwamfuta ta gyara kuskuren, amma gyaran yana da iyaka, kuma idan aka wuce ta sai fitilar injin ta kama, na'urar karanta kwamfutar mota kuma ta nuna lambar matsala P0171 ko P0101. Ko faɗin ya yi daidai, kwana ko filta da ta matso kusa da sensar tana hargitsa iskar, sai ka ga mota tana rawa a tsaye ko tana shaƙewa wajen tashi. Ba duk motoci ne suke da wannan matsalar ba. Golf GTI ta bakwai, alal misali, ba ta da MAF, da matsin iska da zafinta take lissafi, shi ya sa shawarar mai irin wannan motar ba za ta yi maka aiki kai tsaye ba. Taka tana da ita, don haka duk abin da za ka saya, dole ya zama an ƙera shi ne don wannan injin, da gidan sensa mai faɗi daidai da na asali. Fayif ɗin nan da ake cewa yana shiga kowace mota, wanda bakanike zai huda ya cusa sensa ya shafe da gam, ka nisance shi.

Ƙura

Yanzu mun iso batun da, a wurina, ya fi duk waɗanda suka gabata. Kowace lita ɗaya ta fetur tana buƙatar iska sama da lita 9,000 kafin ta ƙone, tankin motarka mai ɗaukar kusan lita 47 kuwa yana nufin iska fiye da lita 400,000 ta ratsa filtar kafin ka sake shan mai. Daga Nuwamba zuwa Maris wannan iskar cike take da hazon hunturu, wanda mai yawa daga cikinsa yake tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi kamar gari, mai ɗauke da sinadarin silika, dangin abin da ake yin gilashi da shi. Ka haɗa da jar ƙasar unguwanninmu da ba a yi wa kwalta ba. Fankar ƙaramin turbo irin naka alminiyam ce, kuma juyinta yakan doshi 200,000 a minti ɗaya. A irin wannan gudun, ƙurar da ba ta fi gari ba tana aiki ne kamar sandfefa.

Yawancin filtocin mazurari na kasuwa auduga ce da ake shafa wa mai, ko soso, kuma dalilin da ya sa suke barin iska ta wuce cikin sauƙi shi ne ƙofofinsu sun fi na takarda faɗi. Bambancin yakan yi kama da ƙarami a rubuce, amma ka duba ta ɓangaren abin da yake wucewa: filtar da ke tare kashi 99.5 tana barin rabin kashi ɗaya, wadda ke tare 98 tana barin kashi 2, wato ninki huɗu ke nan. A garin da iskarsa take da tsabta wannan ba zai dami kowa ba. A Kano zai dame ka. An taɓa kawo mini wata mota mai turbo da ta fara shan baƙin mai tana kuka kamar usur, mai ita ya yi hunturu biyu da filtar mazurari marar suna. Da na kwance fayif ɗin na zura yatsa ciki, sai ya fito da jar ƙura mai laushi, a ɓangaren da ya kamata ya zama fes. Na haska tocila a bakin turbo, gefen fukafukan da ya kamata su kasance da kaifi kamar reza duk sun dakushe sun yi gefe-gefe kamar bakin tsohuwar wuƙa. Ƙurar da ta ci turbo ba ta tsaya nan ba, ta wuce ta ci ringi da bangon silinda. Kuɗin gyaran ya ninka kuɗin filtar sau da yawa, garin neman gira aka rasa ido. Filtar mai shafin mai tana da wata illar kuma: idan aka wanke ta aka cika mata mai, man yakan bi iska ya lulluɓe wayar sensa, ƙura ta manne a kai, lissafin mai ya rikice. Dogon bututu a nan ya fi shan wahala, domin filtarsa tana ƙasa daidai inda tayoyin motar gabanka suke tayar da ƙura, kuma da yake sai an cire taya ko murfin fenda kafin a gan ta, mutane sukan manta da ita har ta toshe.

Ruwa

Ɗaya haɗarin na dogon bututu ne shi kaɗai, kuma shi ba ya jiran shekara biyu. Injinka cc 1,498 ne a silinda huɗu, wato kusan 375 kowace, kuma fistin yana matse abin da ke ciki sau 10.6. Idan ya kai ƙoli, sararin da ya rage a samansa bai kai cc 40 ba, wato ƙasa da cokali uku na cin abinci. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan ruwan da ya fi wannan ya shiga silinda ɗaya, fistin zai taso ya tarar da abin da ba ya motsi, sai sandar da ke haɗa shi da kiranshaf ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokacin ta fasa bulok ta leƙo waje. Filtar da ke bayan bamba ba ta fi tsayin gwiwa daga ƙasa ba, sau da yawa ma ba ta kai ba, kai kuma ka san yadda titunan Kano da ƙarƙashin gadoji suke komawa a watan Agusta bayan ruwan awa ɗaya. Ba sai ruwan ya kai filtar a tsaye ba, igiyar da babbar mota za ta turo idan ta gifta ta isa. Na taɓa karɓar wata da aka janyo da igiya da sassafe bayan ruwan dare. Muka cire fulogi huɗun muka juya injin, ruwa ya yi tsiri daga silinda biyu har ya taɓa bonet, da muka buɗe kuma muka tarar da sanda ɗaya ta lanƙwashe kamar lauje. Akwai wani bawul na soso da ake sawa a tsakiyar dogon fayif don ya buɗe idan filta ta nutse, amma masu yin sa ma ba su yarda a sa shi a injin mai turbo ba, saboda ƙarfin jan iskar yakan buɗe shi ba tare da ruwa ba, ko ya yage shi ya tura wa fanka. Fesin ruwan sama na yau da kullum ba ya kashe injin, nutsewa ce take kashewa.

Abin da zan yi da a ce motata ce

Idan ba ka da niyyar taɓa lissafin kwamfuta, ka bar akwatin kamfani a wurinsa, ka sa masa filtar takarda ta asali, ka riƙa duba ta kowane wata a lokacin hunturu kana canja ta da wuri ba tare da jiran adadin kilomitar da ke littafi ba. Kada a bari yaron gareji ya busa ta da iskar kwamfaresa mai ƙarfi, domin hakan yana yaga zaren takardar ta yadda ido ba ya gani. Kuɗin da ka tanada, idan ƙarfi mai ɗorewa a zafin bazara kake nema, intakula mai girma ta fi cancanta da shi, tunda lissafin da muka yi ya nuna a can ne ake cire kusan digiri 70 ko fiye, alhali gardamar bututu a kan digiri 8 take.

Idan kuwa ka ƙudurta sai ka sa ɗaya daga cikin biyun, to a Kano ba zan sa maka dogon da filtarsa ke sauka ƙasa ba. Zan zaɓi gajere, amma wanda filtarsa take cikin rufaffen akwati, ko aƙalla a bayan garkuwar da ta raba ta da injin ta kuma manne da bonet da roba, yana shan iska ta kafar gaba da kamfani ya tanada. Irin wannan ya haɗa gajeriyar hanya da iskar waje, kuma filtar tana sama nesa da ruwa. Ka nemi mai busasshiyar filta wadda ba a shafa wa mai, daga kamfanin da yake bayyana sakamakon gwajin tace ƙura na ma'aunin ISO 5011, kuma fayif na roba ya fi na alminiyam domin ba ya ɗaukar zafi da sauri. Wajen ɗaurawa, a tabbatar an mayar da duk ƙananan tiyo ɗin da suke shiga tsohon fayif, musamman na numfashin injin, an ɗaure kowane kilif da kyau, kuma an kafe fayif ɗin da ƙarfe a jikin mota don kada nauyinsa ya rataya a wuyan turbo.

Ya kamata in faɗa maka iyakar wannan shawara. Awon da nake yi a kan titi nake yin sa da na'urar karanta kwamfutar mota, ba a kan injin auna ƙarfin doki ba, don haka ban ba ka adadin dokin da wani kaya zai ƙara ba. Maganata kuma a kan motar hawa ce ta yau da kullum mai turbo na asali. Wanda ya sa babban turbo don tsere, akwatin kamfani zai shaƙe shi, lissafinsa daban ne. Ban kuma ga motarka ba, 'yar Kwatano kuwa takan zo da abin da mai ita na farko ya riga ya canja, don haka a fara dubawa ko akwatin da ke ciki na asali ne kuma murfinsa yana rufuwa ruf.

Kai ma za ka iya auna abin da kanka, gani ya kori ji. Ƙaramar na'urar OBD2 da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari tana haɗuwa da waya, kuma ba ta da tsada. Kafin ka canja komai, ka zaɓi hanya ɗaya da lokaci ɗaya na rana, ka rubuta zafin iskar shiga a cikin cunkoso da kuma a kan buɗaɗɗen titi, ka rubuta adadin gyaran mai na dogon zango da kwamfuta take yi, wanda na'urar take nunawa da LTFT. Bayan ka ɗaura sabon kayan ka yi mako guda kana hawa, sai ka maimaita. Idan gyaran man ya haura kashi 10 sama ko ƙasa, sensar ba ta karanta daidai, kada ka taka motar da ƙarfi har sai an gyara. Ranar ɗaurawa kuma ka shafa ɗan farin giris siriri a cikin fayif ɗin, can bayan filta amma nesa da sensa, bayan wata ɗaya na hunturu ka buɗe ka duba launinsa. Idan ya yi ja, ka mayar da akwatinka na asali, saboda haka kada ka bar shi a gareji ranar da aka cire shi, ka sa shi a but ka kai gida.